WAIWAYE: Shu'aibu Amodu, kocin da ya kai Najeriya Gasar Kofin Duniya sau biyu aka hana shi zuwa

Sau shida babbar tawagar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta halarci Gasar Kofin Duniya: a 1994, 1998, 2002, 2010, 2014 da 2018. Biyu daga cikin waɗannan tafiye-tafiye, mutum ɗaya ne ya samo gurbinsu, wato marigayi Shu'aibu Amodu. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa a 2016, bai taɓa zama a kujerar mai horarwa ba ko da na minti guda a wannan gasa. Duk lokacin da ya kai tawagar bakin ƙofa, sai a karɓe ragamar daga hannunsa saura 'yan watanni a fara, a miƙa wa wani.

A gidajen kallon ƙwallo na Funtua, Malumfashi da Bakori, matashi zai iya lissafa maka masu horar da Arsenal ko Real Madrid ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Kaɗan ne a cikinsu suka san cewa mutumin da ya dawo wa Arewa da Kofin Ƙalubale bayan shekara 36, kuma ya kawo mata kofin nahiyar Afirka, shi ne wannan bawan Allah. Tarihinsa ya wuce labarin wasa. Labari ne na yadda hukuma a ƙasar nan take gindaya wa ma'aikaci sharaɗi, ya cika, sannan a sallame shi.

Daga garin siminti zuwa garin siminti

An haifi Shu'aibu Amodu ranar 18 ga Afrilu, 1958. Mutumin Okpella ne, gari mai arzikin dutsen siminti a arewacin Jihar Edo ta yanzu, yankin da Musulunci ya daɗe da kafuwa a cikinsa. Ɗan wasan gaba ne a ƙuruciyarsa. Ya buga wa ƙungiyar Dumez, daga nan ya koma Niger Tornadoes ta Minna, inda rayuwarsa ta fara ƙulluwa da Arewa. Bai yi nisa ba a fagen taka leda, domin karaya ce a ƙafa ta raba shi da fili tun yana da sauran ƙarfi.

A wancan zamani, ɗan wasan da ya karye ba shi da inshora, ba shi da fansho, ba shi da wata ƙungiyar 'yan wasa mai ƙarfi da za ta tsaya masa. Da yawa daga nan labarinsu yake ƙarewa. Amodu ya zaɓi ya zauna a bakin fili ya koyi aikin horarwa, kuma wannan ne ya kai shi Gboko ta Jihar Binuwai, inda kamfanin siminti na BCC ya kafa ƙungiya mai suna BCC Lions a farkon shekarun 1980.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda ƙwallon Najeriya take a lokacin. Kamfanoni da 'yan kasuwa ne ke riƙe da yawancin manyan ƙungiyoyi: Leventis United, Abiola Babes, Stationery Stores, Iwuanyanwu Nationale, Julius Berger. Inda masana'anta ke tafiya, albashin ɗan wasa yana fita, ana sayen kayan wasa, ana biyan kuɗin tafiya. Mutanen Funtua, waɗanda suka ga yadda masaƙa da injinan gurzar auduga suke raya gari, ba sa buƙatar dogon bayani a kan abin da kamfani ɗaya zai iya yi wa al'umma. A irin wannan inuwa ce Amodu ya gina ƙungiyarsa ta farko.

Shekara 36 na jira

Kofin Ƙalubale shi ne mafi daɗewa a gasannin ƙwallon Najeriya. An fara shi a 1945 da sunan Kofin Gwamna. A 1953 ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Legas da ci 2 da 1, ta zama ta farko daga wajen Legas da ta ɗaga shi. Daga nan sai kofin ya juya wa Arewa baya. Ƙungiyoyin Jos sun sha kaiwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana. Raccah Rovers ta Kano ta faɗi a 1977, Niger Tornadoes ta faɗi a 1982, ƙungiyar Bees ta Kaduna ta faɗi a 1983 da 1987. Abin ya kai har masu sharhi suna ɗaukarsa tamkar wani baki da aka yi wa yankin.

A 1989, a birnin Bauchi, BCC Lions ta haɗu da Iwuanyanwu Nationale ta Owerri, wadda ita ce ke tashe a gasar rukunin ƙasa a lokacin, ta kuma fi ta kuɗi da fitattun 'yan wasa. 'Yan Gboko suka yi nasara da ci ɗaya mai ban haushi. Kocinsu yana da shekara 31 a duniya.

Shekarar da ta biyo baya ta fi wannan girma. Ƙungiyoyin Najeriya sun kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Kofuna na Afirka a 1988 da 1989, Ranchers Bees da Bendel United, dukkansu suka sha kashi. A 1990 BCC Lions, da 'yan wasa irin su Moses Kpakor da Bolaji Douglas, ta lallasa Club Africain ta Tunisiya da ci 3 da nema a gida, ta je can ta riƙe su 1 da 1. Ita ce ƙungiyar Najeriya ta uku da ta ci wannan kofi, bayan IICC ta Ibadan a 1976 da Rangers ta Enugu a 1977. Har yau babu wata ƙungiya daga tsohuwar Jihar Arewa da ta sake ɗaga kofin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka.

Daga Gboko ya nufi Maiduguri. El-Kanemi Warriors ta ci Kofin Ƙalubale a 1991 bayan doke Kano Pillars, ta kuma sake riƙe shi a 1992 a ƙarƙashin Amodu. Ya koma BCC Lions, wadda ta ɗauki kofin a 1993, sannan a 1994 ta haɗa shi da na gasar rukunin ƙasa. Idan aka yi lissafi, tsakanin 1989 da 1994 an buga wasan ƙarshe sau shida, biyar daga ciki Gboko ko Maiduguri kofin ya kwana. Yankin da ya shekara 36 yana kallo ya zama mai gida, kuma sunan mutum ɗaya ne yake ta maimaituwa a labarin.

Bai tsaya a Arewa ba. A 1996 ya kai Shooting Stars ta Ibadan wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka, inda Zamalek ta Masar ta fi ta sa'a a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ya kuma yi ɗan zama a Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu, a lokacin da ba kasafai ake ganin kocin Najeriya a wata babbar ƙungiya ta ƙetare ba.

Kujera mai zafi a zamanin soja

Bayan Gasar Kofin Duniya ta 1994 a Amurka, Clemens Westerhof ɗan Holan ya tafi, aka ɗora Amodu a kan tawagar da ake ganin ita ce mafi ƙarfi da Najeriya ta taɓa haɗawa. Yana da shekara 36, wasu daga cikin 'yan wasan kusan sa'anninsa ne, kuma suna karɓar albashi a Turai. A Nuwamban 1994 ya kai su filin Wembley, Ingila ta yi nasara da ci 1 da nema. A Janairun 1995 suka je Riyadh gasar Kofin Sarki Fahad, suka doke Japan 3 da nema, suka yi canjaras da Ajantina, suka ƙare a matsayi na huɗu.

Ƙwallon ƙasa a lokacin tana hannun gwamnati kai-tsaye. Dokar Soja mai lamba 101 ta 1992 ta sanya hukumar NFA a ƙarƙashin ikon ma'aikatar wasanni, saboda haka makomar koci tana rataye ne a kan ra'ayin minista da na fadar shugaban ƙasa. An ga iyakar wannan iko a 1996. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas a Nuwamban 1995, da tsamin dangantakar da ya biyo baya tsakanin gwamnatin Janar Sani Abacha da ta Nelson Mandela, Najeriya ta ƙaurace wa Gasar Kofin Afirka a Afirka ta Kudu alhali ita ke riƙe da kofin. Hukumar nahiyar ta hukunta ta da haramcin shiga gasar 1998.

A ƙarshen 1996 aka sake kiran Amodu ya fara wasannin neman gurbin Gasar Kofin Duniya ta Faransa. Ya doke Burkina Faso a Legas, ya tashi 1 da 1 da Kenya a Nairobi. Wannan kunnen doki a waje ya isa a sauke shi. Aka kawo Philippe Troussier ɗan Faransa, wanda ya kammala aikin, shi ma aka sallame shi kafin gasar aka ɗauko Bora Milutinovic. Cutar ta girmi abin da ya faru da Amodu, sai dai babu wanda ta kama sau da yawa kamarsa.

Wasa uku, babu damar kuskure

A Afrilun 2001 Saliyo ta doke Najeriya da ci 1 da nema a Freetown. Laberiya, ƙarƙashin jagorancin George Weah, tana saman rukuni, kuma alamu sun nuna Najeriya ba za ta je Koriya da Japan ba. Aka kori Jo Bonfrere, aka waiwayi Amodu, aka haɗa shi da Stephen Keshi da Joe Erico a matsayin mataimaka. Saura wasa uku.

Ya cinye su duka ba tare da an zura masa ƙwallo ko ɗaya ba: Laberiya 2 da nema a Fatakwal, Sudan 4 da nema a Omdurman, Gana 3 da nema a Fatakwal. An yi dace Gana ta je Monrovia ta doke Laberiya, Najeriya ta tsallake da ratar maki ɗaya. Amodu ya zama ɗan Najeriya na farko da ya samar wa ƙasar gurbin Gasar Kofin Duniya.

Sai gasar Afirka ta Mali a farkon 2002. Tawagar ba ta burge ba wajen zura ƙwallaye, kuma sansaninta ya cika da taƙaddama tsakanin manyan 'yan wasa da jami'an gwamnati a kan kuɗin tikitin jirgi da sauran haƙƙoƙi. Senegal ta fitar da Najeriya da ci 2 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe bayan ƙarin lokaci, Najeriya ta doke mai masaukin baƙi ta karɓi tagulla. Ma'aikatar wasanni, ƙarƙashin minista Ishaya Mark Aku, ta ɗauki abin a matsayin rashin ɗa'a, tana ganin kocin ya kasa tsawata wa yaransa. A Fabrairu aka rusa tawagar, aka kori Amodu da mataimakansa, aka naɗa Festus Onigbinde. Kyaftin Sunday Oliseh da Finidi George ba su je gasar ba.

Abin da ya biyo baya yana rubuce. Ajantina ta ci Najeriya 1 da nema, Siwidin ta ci ta 2 da 1, aka tashi babu ci da Ingila. Maki ɗaya, ƙwallo ɗaya, matsayi na ƙarshe a rukuni. Ita kuwa Senegal, wadda aka ɗauki faɗuwa a hannunta a matsayin abin kunyar da ya cancanci kora, ta doke Faransa mai riƙe da kofin a wasan buɗe gasa, ta kai zagayen 'yan takwas.

Kura da shan bugu

Shekara shida bayan haka tarihi ya maimaita kansa kusan layi bayan layi. Berti Vogts ɗan Jamus ya gaza a gasar Afirka ta Gana a 2008, inda aka fitar da Najeriya tun a zagayen 'yan takwas. A Afrilun shekarar aka dawo da Amodu. A zagayen farko na neman gurbin 2010 ya ci wasa shida cikin shida, har da doke Afirka ta Kudu gida da waje, ƙwallo ɗaya kacal ta shiga ragarsa.

Zagayen ƙarshe ya zo da wahala. Canjaras da Mozambik a Maputo, canjaras biyu da Tunisiya, ciki har da 2 da 2 a Abuja a Satumban 2009, inda aka farke wa Najeriya daf da tashi. Gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta riga ta kafa kwamitin shugaban ƙasa na musamman ƙarƙashin Gwamnan Ribas na lokacin, Rotimi Amaechi, domin tabbatar da an je gasar farko da za a yi a nahiyar Afirka. Kocin ya wayi gari da iyayen gida biyu, hukuma da kwamiti. Ranar 14 ga Nuwamba, 2009, Najeriya ta doke Kenya 3 da 2 a Nairobi, Obafemi Martins ya ci biyu, Yakubu Aiyegbeni ya ci ɗaya, a daidai lokacin da Mozambik ta doke Tunisiya. An sake tsallakewa da ratar maki ɗaya. Wasa 12, nasara tara, canjaras uku, babu faɗuwa.

Kafin gasar Afirka ta Angola a Janairun 2010, hukumar NFF ta gindaya masa sharaɗin kaiwa wasan kusa da na ƙarshe. Ya kai. Gana ta yi nasara da ci ɗaya da Asamoah Gyan ya jefa da ka, Najeriya ta doke Aljeriya ta sake karɓar tagulla. Bayan 'yan kwanaki aka sauke shi, aka mayar da shi kan tawagar 'yan wasan cikin gida. Wanda aka ɗauko shi ne Lars Lagerback, wanda ya ajiye aiki a ƙasarsa Siwidin bayan ya kasa kai ta wannan gasar, a kan kwantiragin 'yan watanni da rahotannin lokacin suka ce ta haura dala miliyan ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Afirka ta Kudu, Ajantina ta ci 1 da nema, Girka ta ci 2 da 1 a wasan da aka bai wa Sani Kaita jan kati, aka tashi 2 da 2 da Koriya ta Kudu. Maki ɗaya, matsayi na ƙarshe, kamar 2002. Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da dakatar da tawagar daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu, sannan ya janye bayan 'yan kwanaki da FIFA ta yi barazanar hukunci. A cikin wannan ruɗani aka tsige shugaban NFF, Sani Lulu.

Abin da masu sukarsa ke faɗa

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren. Masu sukar Amodu suna da hujjoji, kuma ba duka ne na son zuciya ba. Tawagarsa ta 2009 ba ta da daɗin kallo, tana jan wasa, tana dogaro da tsaron baya. An zarge shi da riƙe tsofaffin 'yan wasa ko da ƙarfinsu ya ja baya. A duka tafiye-tafiyen biyu sai da wata ƙasa ta taimaka, Gana a 2001, Mozambik a 2009. Masar ta doke shi 3 da 1 a wasan farko a Angola, kuma da bugun fenariti ya tsallake Zambiya. 'Yan kallo da dama, da 'yan jarida, su ne suka riƙa kiran a cire shi, hukuma ta bi sahunsu.

Sai dai tambayar da ta rage ita ce wane ma'auni aka yi amfani da shi. Idan kyan wasa ake so, sai a rubuta shi a kwantiragi tun farko. Abin da aka nema a wurinsa shi ne gurbi da wasan kusa da na ƙarshe, ya kuma kawo su. Haka nan ba daidai ba ne a taƙaita batun ga fifita Bature a kan ɗan ƙasa, duk da cewa akwai wannan a 1997 da 2010, domin a 2002 ɗan Najeriya ne ya gaje shi. Abin da ya haɗa lokutan uku shi ne hukunci ya fito daga fushin ɗan lokaci da matsin lambar masu iko, kuma waɗanda suka yanke shi ba su zauna sun yi wa jama'a lissafin abin da canjin ya haifar ba. Manomi ya san zafin a bar mutum ya yi shara, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, ranar girbi a ce ya koma gefe.

Kwana uku tsakani

Duk da haka, kowane lokaci aka shiga tsaka mai wuya shi ake kira, kuma yana amsawa. A Oktoban 2014 NFF ƙarƙashin Amaju Pinnick ta sauke Keshi ta naɗa Amodu riƙon ƙwarya, amma cikin mako biyu fadar shugaban ƙasa ta sa baki aka dawo da Keshi, kafin Amodu ya jagoranci ko wasa ɗaya. A Yulin 2015 aka sake ba shi riƙo na ɗan lokaci kafin a naɗa Oliseh. Muƙaminsa na ƙarshe shi ne daraktan sashen horarwa na hukumar.

Keshi ya ɗanɗani irin wannan a Togo, wadda ya kai Gasar Kofin Duniya ta 2006 a karon farko a tarihinta, aka kore shi kafin a tafi. Shi dai ya samu ramuwa, ya ci Kofin Afirka a 2013, ya kai Najeriya zagaye na biyu a Brazil a 2014. Ya rasu a birnin Benin ranar 7 ga Yuni, 2016. Kwana uku bayan haka, a daren 10 ga Yuni wayewar garin Asabar, cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, Amodu ya koka da ciwon ƙirji a wannan birni, ya kwanta bai tashi ba. Shekarunsa 58. An yi masa sutura a Okpella kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Jaridun makon sun cika da yabo daga manyan ƙasa, a gefe guda kuma da rahotannin cewa ya bar duniya yana bin bashin albashi.

BCC Lions da ya ɗaukaka ta daɗe da ɓacewa daga babbar gasar ƙasa, yawancin ƙungiyoyin da suka rage kuma sun koma hannun gwamnatocin jihohi, inda albashin ɗan wasa ke jiran sa hannun gwamna. A matakin ƙasa ma salon bai sauya ba. A Afrilun 2024 aka naɗa Finidi George, ɗaya daga cikin waɗanda guguwar 2002 ta kwashe tare da Amodu, ya horar da Super Eagles. Bayan wasa biyu na neman gurbi, canjaras da Afirka ta Kudu da faɗuwa a hannun Jamhuriyar Benin, hukuma ta sanar da cewa za ta ɗauko Baturen da zai zauna a samansa. A watan Yuni ya ajiye aikin.

Allah Ya jiƙan Shu'aibu Amodu, Ya sa Aljanna ce makomarsa.